Yadda Ake Noman Melisa a Lambu da Tattalin Ƙamshin Ganyenta

Melisa shuka ce 'yar dangin na'a-na'a da ɗaɗɗoya, wadda ganyenta ke tashin ƙamshin lemon tsami da zarar an murza shi. A jikin fakitin iri za ka ga an rubuta lemon balm, ko sunanta na kimiyya, Melissa officinalis, kuma sunan kimiyyar ya fi dacewa ka riƙe in za ka saya, don akwai tsirrai da dama masu ƙamshin lemo da ake rikita su da ita. Asalinta kudancin Turai ne da ƙasashen bakin tekun Bahar Rum har zuwa Iran da tsakiyar Asiya. Karanta mai kusurwa huɗu ne, ganyen na fitowa bibbiyu suna fuskantar juna, gefensu kamar haƙoran zarto, bayansu da ɗan gashi-gashi. Tana kai tsayin santimita 60 zuwa 90, kuma tana shekaru a wuri ɗaya ba sai an sake shuka ta ba.

Raya ta ba abu ne mai wuya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙamshin. Man da ke ba ta ƙamshi kaɗan ne ainun, galibi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari uku na nauyin busasshen ganye ba, kuma yana zaune ne a wasu 'yan ƙwayoyi a fatar ganyen da ke fashewa da ɗan taɓi. Zafi na kore shi, tsufan ganye na sauya shi, taki in ya yi yawa yana tsarma shi. Saboda haka kusan duk shawarar da ke ƙasa, daga zaɓen wuri har zuwa rufe kwalba, manufarta ɗaya ce: ganyen ya isa kofi da ƙamshinsa.

Wuri da ƙasa

A ƙasashe masu sanyi tana jure rana ta wuni. Inda rana ke da ƙarfi kuwa, nema mata wurin da za ta sha hantsi na awa 4 zuwa 5 sannan inuwa ta rufe ta kafin tsakar rana, kamar gabashin katanga ko gefen bishiyar da ganyenta bai cika duhu ba. Idan zafi ya zarce digiri 32 zuwa 35 kwana da kwanaki, gefen ganyen kan ƙone, girma ya tsaya, shukar ta yi hanzarin yin fure. Inuwa mai duhu ma ba alheri ba ce: kara zai yi tsawo siriri, ganye ya yi faɗi amma ƙamshinsa ya yi rauni. Sanyi bai dame ta ba. Inda ƙanƙara ke sauka saman shukar kan mutu ƙurmus, saiwar ta kwanta, ta sake toho idan yanayi ya yi ɗumi.

Ƙasar da take so ita ce mai riƙe danshi amma ba ta kwantar da ruwa, mai ma'aunin tsami (pH) tsakanin 6 da 7.5, wato kusan tsaka-tsaki. Gwada wurin kafin ka wahalar da kanka: haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. In bayan awa 4 ruwan na biyu na nan kwance, wurin zai ruɓar da saiwa. Sai ka ɗaga kunya mai tudun santimita 15 zuwa 20, ko ka koma tukunya. Kafce ƙasar zurfin santimita 25, ka cakuɗa takin gargajiya da ya ruɓe sarai, kimanin bokiti ɗaya mai lita 10 a kowace murabba'in mita. Ɗanyen kashin kaji ko na dabbobi bai dace ba, yana ƙona saiwa, kuma ganyen nan ɗanye ake cinsa.

Mai ƙaramin fili ya yi amfani da tukunya mai faɗin baki santimita 30 da zurfi aƙalla 25, mai huji a gindi. Haɗa kashi 2 na ƙasar lambu, kashi 1 na ruɓaɓɓen taki, kashi 1 na yashi mai tsakuwa. Baƙar roba na ɗaukar zafi har ta dafa saiwar da ke jikin bangonta, don haka tukunyar ƙasa ko farar roba ta fi, ko kuma a tsare gefen da rana ke duka.

Hanyoyi uku na samun shukar

In akwai wanda ke da ita kusa da kai, kada ka tsaya neman iri. Yankan reshe da raba gindi sun fi sauri, kuma kana da damar sansanar uwar kafin ka ɗauka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsirran da suka fito daga iri ƙamshinsu na bambanta, wani ya fito da lemo tsantsa, wani kuma ya fi kama da sabulu.

Yankan reshe: zaɓi sabon reshe mai laushi wanda bai fara huda ba, ka yanke santimita 10 daga kansa, daidai ƙasan gaɓa, da reza ko almakashi mai tsabta. Tsige ganyen ƙasa ka bar bibbiyu na sama. In suna da faɗi ka rage rabinsu don kada reshen ya yi ta asarar ruwa alhali ba shi da saiwa. Tsoma shi a kofin ruwa yadda gaɓa ɗaya ko biyu za su nutse, ba tare da wani ganye ya taɓa ruwan ba, ka ajiye a wuri mai haske da rana ba ta dukansa kai tsaye. Sauya ruwan duk bayan kwana 2. Cikin mako 2 zuwa 3 fararen saiwoyi za su fito daga gaɓar. Dasa da zarar sun kai santimita 3. In ka bari suka yi tsawo a ruwa sukan sha wuya kafin su saba da ƙasa. Yanki biyar ko shida ake sakawa ko da biyu ake buƙata, don wasu kan ruɓe daga ƙasa, musamman lokacin zafi.

Raba gindi: shayar da uwar tun jiya, ka tono ta da ƙasarta, ka tsaga dunƙulen gida uku ko huɗu da wuƙa mai kaifi, kowane ɓangare da saiwarsa da toho aƙalla uku. Rage tsawon karan zuwa santimita 10, ka dasa nan take a zurfin da take a da. Ko ba ka son ƙari, raba ta duk shekara 3 zuwa 4, saboda tsakiyar gindin kan tsufa ya zama itace, toho ya koma gefe kawai.

Iri kuwa yana son haƙuri da sanin abu ɗaya: haske yake buƙata kafin ya tsiro. Ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya ya haura ƙwaya 1,000, kuma yawancin masu cewa irinsu ya ƙi fitowa binne shi suka yi. Cika faranti mai huji da ƙasa mai laushi da aka tankaɗe, ka jiƙa ta tukuna, sannan ka barbaɗa irin a sama, ka danna da tafin hannu ko ɗan katako ba tare da ka rufe shi ba. Lulluɓe farantin da farar leda mai nuna ciki don danshi ya zauna, ka riƙa buɗewa kullum na 'yan mintuna iska ta shiga. Ban ruwa da feshi ake yi, ko a tsoma gindin farantin cikin ruwa ya tsotsa, domin zubawa daga sama zai tattara irin a kusurwa ɗaya. A ɗumin digiri 20 zuwa 22 yakan fito cikin kwana 10 zuwa 14, wani lokaci har mako 3, kuma ba tare yake fitowa ba. Irin da ya yi nawa, sanya shi cikin jiƙaƙƙiyar takarda a firji na mako 1 zuwa 2 kafin shuka yana taimaka masa. Wanda ya wuce shekara 3 a ajiye ba abin dogaro ba ne. Da tsiro ya bayyana ka cire ledar, in ba haka ba funfuna za ta cinye su daga wuya su zube.

Dashe da ban ruwa

Tsiro ya isa dashe idan ya yi ganyen gaske 4 zuwa 6, ban da 'yan ganye biyun farko da ya tsiro da su. Kwana 5 zuwa 7 kafin ranar, riƙa fitar da farantin waje kana ƙara masa awannin rana a hankali. Yi dashen da yamma, ka bar tazarar santimita 40 zuwa 45 tsakanin gindi da gindi. Za ka ga kamar filin ya yi yawa, amma kafin wata uku sun haɗe, kuma cunkoso shi ke jawo yawancin cututtukan ganye. Gida ɗaya mai shan shayinta kullum gindi 3 ko 4 sun ishe shi.

Saiwarta ba ta nisa ƙasa, don haka ba ta jure ƙishi kamar wasu 'yan danginta. Tura yatsa zuwa gaɓa ta biyu. In ka ji bushe, shayar da ita har ruwa ya ratsa. A tukunya lokacin zafi wannan na iya zama kullum. Zuba ruwan a gindi, da safe, ganyen ya kwana a bushe. Akwai tarko guda a nan: da tsakar rana takan yi yaushi ko da ƙasar na da danshi, don ganyen na fitar da ruwa fiye da yadda saiwa ke jawowa. In ta miƙe da yamma, lafiyarta lau, kada ka ƙara ruwa. In kuwa ta wayi gari a yamushe alhali ƙasa jiƙe take, saiwa ce ta fara ruɓewa, ƙarin ruwa kuma shi zai ƙarasa ta. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 kewaye da gindin, ba tare da ta taɓa karan ba, yana sanyaya ƙasa ya kuma hana ruwan sama fantsala ƙasa a ganye.

Game da taki, rowa ta fi kyauta. Takin zamani mai yawan naitirojin, irin su yuriya, zai ba ka ganye manya kore shar masu ban sha'awa, ka murza ka ji ba komai. Tafi biyu na ruɓaɓɓen taki a kowane gindi a farkon lokacin girma, da tafi ɗaya bayan kowane babban yanka, sun wadatar.

Almakashi

Wannan shi ne aikin da ya raba mai melisa mai ƙamshi da mai tarin kara. Tun tana santimita 15 ka tsinke kanta, daidai saman wasu ganye biyu. Daga hammatar ganyen nan rassa biyu za su fito a madadin ɗaya. Maimaita a kan sababbin rassan bayan mako 2 zuwa 3, sai ta yi dunƙule ta cika, ba ta tafi sama siririya ba.

Ƙamshi na kai ƙololuwa ne gab da fure, lokacin da ka fara hango 'yan ƙananan huda a hammatar ganyen sama. Da furen ya buɗe, shukar ta mai da ƙarfinta ga yin iri: ganye ya ƙanƙance, ya yi kaushi, ƙamshin lemon ya ja baya, wani wari mai kama da sabulu ya maye gurbinsa. To a wannan gaɓar ake babban yanka. Sare ta gaba ɗaya ka bar santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, ka tabbata kowane kara ya rage da gaɓa biyu ko uku masu ido. Sabon mai lambu kan ji tsoron haka, ya riƙa tsintar ganye ɗai-ɗai daga ƙasa, ya ƙare da dogayen karare tsirara da tsofaffin ganye a kai. Ba ta mutuwa don an sare ta. Shayar da ita, ka ba ta ɗan taki, cikin mako 3 zuwa 4 sabon toho mai laushi ya rufe ta. Ana samun irin wannan yanka 2 zuwa 3 a shekara daga gindin da ya kafu. A shekarar farko dai a sassauta, kada a ɗauki fiye da rabin shukar lokaci ɗaya, haka nan kada a sare ta ƙasa-ƙasa a tsakiyar tsananin zafi, don kututturen da ba ganyen da zai yi masa inuwa yana iya bushewa.

Yankan nan na da wata fa'ida. Ana yawan cewa melisa na mamaye lambu kamar na'a-na'a, amma hanyarsu daban ce. Na'a-na'a da jijiya take rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, ita kuwa melisa gindinta a dunƙule yake, da iri take yaɗuwa. Gindi ɗaya da aka bari ya yi iri zai cika maka kowace kunya da 'ya'ya a shekara mai zuwa. Wanda ke son ya bar wa ƙudan zuma fure, kuma suna matuƙar son sa, ya ware gindi ɗaya, ya sare shi da zarar furen ya fara bushewa kafin irin ya yi baƙi ya zube. Masu kiwon zuma sun daɗe suna goga ɗanyen ganyen a cikin sabuwar amya don jawo taron ƙuda, kuma akwai dalili: sitiral da jeraniyol da ke cikin man ganyen suna cikin sinadaran da ƙudan ke fitarwa don kiran 'yan'uwansu gida.

Abubuwan da kan lalace

Farin gari a kan ganye kamar an barbaɗa toka funfuna ce, tana zuwa ne idan shuka ta cunkushe, saiwa na jin ƙishi, iska kuma ba ta ratsawa. Ɗigo-ɗigo baƙi ko ruwan ƙasa masu kusurwa, da ke farawa daga ganyen ƙasa lokacin ruwa, wata funfunar ce da fantsalin ruwa ke ɗauka. Maganin duka biyun ɗaya ne kuma ba feshi ba ne: sare shukar, kwashe duk ganyen da ya zube ka fitar da shi daga lambun, ka rage cunkoso. Sabon tohon yakan fito da tsabta.

Darɓa kan taru a kan toho mai laushi, farin ƙuda a bayan ganye, sai kuma wasu 'yan mitsi-mitsin gizo-gizo da ke sa ganye ya yi ɗigon rawaya da siririyar yana idan iska ta bushe. Fara da wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi kwana uku a jere. In ba su tafi ba, cokalin shayi 1 na sabulun ruwa marar turare a lita 1 ta ruwa, a fesa da yamma, a ɗauraye da safe, bayan an gwada a reshe ɗaya. Maganin ƙwari mai shiga jikin shuka ba shi da wuri a ganyen da za a jiƙa a sha. Man darbejiya na aiki, sai dai ɗacinsa da warinsa na daɗewa a ganye, don haka in an yi amfani da shi gara a sare a jira sabon toho.

Ganyen ƙasa da ke rawaya a tukunya yawanci ruwa ne ya yi yawa, ko saiwa ta cika tukunyar. Juye ta ka duba. In saiwa ta naɗe kamar gammo, lokacin rabawa ya yi. Nau'o'in ado masu ganye ruwan zinariya, irin su Aurea da All Gold, sun fi saurin ƙonewa a rana, kuma irinsu ba ya maimaita launin, sai ta reshe ko rabawa.

Girbi, shanya da ajiya

Yi girbi da safe bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi zafi. In ganyen na da ƙura, wanke shukar tun jiya da yamma tana tsaye, ya fi a wanke bayan an yanke. Riƙe ta kara, ka sa a kwando sako-sako. Ganyen melisa da aka danne ko aka cusa a leda yakan yi baƙi cikin awa kaɗan, duk inda ya ƙuje kuma mansa ya riga ya tafi.

Ɗanye ya fi busasshe nesa ba kusa ba, shi ya sa ma ake shuka ta kusa da ƙofar kicin. Rassan da aka tsoma a kofin ruwa kan yi kwana 3 zuwa 4. Don ajiya mai tsawo, daskarewa ta fi shanya riƙe ƙamshi: yayyanka ganyen, ka cika gurbin farantin ƙanƙara, ka zuba ruwa ya rufe, ka daskarar.

In shanya za a yi, sharuɗɗan uku ne: inuwa, iska, sauri. Baza rassan ɗai-ɗai a kan raga ko rariya da aka ɗaga daga ƙasa, a ɗaki mai iska, ko da fanka. Zafin kada ya wuce digiri 35 zuwa 40. Rana kai tsaye na mai da shi ruwan ƙasa ta kwashe ƙamshin, shanya mai jinkiri a wuri mai danshi kuma na baƙanta shi. Cikin kwana 3 zuwa 6 ya kamata ganyen ya riƙa karyewa ƙaras, yana nan da korensa. Zage shi daga karan, ka zuba a kwalbar gilashi mai murfi ba tare da ka murtsuke ba, sai ranar amfani. Giram 100 na ɗanye kan koma kusan giram 20 zuwa 25. Duba kwalbar washegari: in ka ga gumi a jikinta, bai bushe ba, juye ka ƙara shanyawa. Ajiye a wuri mai duhu, ka rubuta kwanan wata, ka shanye cikin wata 6.

Amfani

Don shayi, ɗauki ɗanyen ganye cikin tafi ɗaya, kimanin 10 zuwa 15, ko cokalin shayi 2 na busasshe, a kofi ɗaya. Tafasa ruwan, ka sauke, ka zuba a kan ganyen, ka rufe kofin da faranti minti 5 zuwa 10. Rufewar nan wajibi ce, don ƙamshin tare da tururi yake tashi; ɗigon da ya taru a ƙarƙashin farantin ka mayar da shi cikin kofin. Kada a dafa ganyen a kan wuta, ruwan ciyawa kawai za a samu. Na sanyi kuwa, tafi biyu a lita 1 ta ruwa, a ɗan murza, a sa a firji awa 6 zuwa 8, a tace a sha a ranar.

A girki, a ƙarshe ake saka ta bayan an sauke tukunya, yankakkiya, a kan kifi, kaza, ko haɗin 'ya'yan itace. Tana da ƙamshin lemo amma ba ta da tsaminsa, don haka ba ta maye gurbin ruwan lemon tsami. Tare suka fi daɗi. Ruwan sukarinta ma na da sauƙi: kofi 1 na ruwa da kofi 1 na sukari a tafasa, a sauke, a zuba kofi 1 na ganye, a rufe minti 30, a tace, a ajiye a firji har mako 2. Ɗanyen ganye da aka nutsar cikin mai kada a bar shi a kan kanta, domin ƙwayar cutar da ke haifar da guba mai tsanani na iya girma inda babu iska. A sa a firji a cinye cikin kwana 3 zuwa 4, ko a daskarar.

Tun zamanin Ibn Sina, shahararren likitan nan na da, likitoci ke ambatonta a matsayin ganyen da ke kwantar da zuciya. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da ita a matsayin maganin gargajiya don ɗan damuwa marar tsanani, taimaka wa barci, da kumburin ciki da iska, a ma'aunin giram 1.5 zuwa 4.5 na busasshen ganye cikin mililita 150 na tafasasshen ruwa, sau 1 zuwa 3 a rana, ga manya da waɗanda suka haura shekara 12. Ba ta ba da shawarar mai ciki da mai shayarwa su sha ta a matsayin magani ba. Melisa na iya sa gyangyaɗi, don haka mai tuƙi ya kula, mai shan maganin barci kuma kada ya haɗa sai ya tambayi likita. Haka mai ciwon maƙoƙo ko mai shan maganin tayirod, wato gaɓar wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, saboda gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna sinadaranta na iya shiga tsakanin aikin tayirod ɗin. Rashin barci ko damuwar da ta ɗauki makonni kuwa aikin asibiti ne.

Batun korar sauro, shukar da ke tsaye a tukunya ba ta korar komai. Murzajjen ganye a fata na iya rage cizo na ɗan gajeren lokaci saboda sinadarin sitironelal da ke ciki, amma yana gushewa da wuri, wasu kuma yakan sa musu ƙaiƙayi, don haka a gwada a ɗan wuri a hannu tukuna, kuma kada a ajiye gidan sauro saboda shi.